Daga hayaƙi zuwa metanol: ina gizo ke saƙar?

Ummi_Gwale:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina ajin ƙarshe a sashen kemistiri, kuma aikin kammala karatun da aka ba ni a kan katalis ne, irin waɗanda ake juya iskar CO2, wadda ke fita in an ƙona mai, da su ta koma metanol, wani ruwa mai cin wuta da ake iya amfani da shi a matsayin mai. Daren jiya ina yi wa babanmu bayani, shi kuwa yana da adaidaita sahu biyu da yara ke ja masa, sai ya ce da ni: "To in dai hayaƙi zai koma mai, me ake jira? Ga janaretocin Sharada da Bompai can suna zubar da shi kyauta dare da rana." Wallahi na kasa ba shi amsar da ni kaina zan gamsu da ita. Takardun da nake karantawa duk sun fi ƙarfi a kan katalis, kamar da zarar an samu mai kyau magana ta ƙare. Haka abin yake, ko akwai inda gizo ke saƙar da ban hango ba?

Ɗan_Ƙofar_Ruwa:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa a taimaka mana, mu da ba mu karanta kimiyya ba. Katalis ɗin nan shi ne na cikin salansar mota, wanda muke ce wa indomie? Don mu a kasuwa shi muka sani, kuma kuɗi gare shi.

Malam_Kemistiri:
Ɗan_Ƙofar_Ruwa, dangi ɗaya ne, aikin ne ya bambanta. Na salansa ƙarafa masu tsada ne a shafe a jikinsa, filatinom da faladiyom da rodiyom, shi ya sa kuke sayensa da daraja. Aikinsa ya rage dafin hayaƙi kafin ya fita. Katalis dai kamar dillali ne a Kantin Kwari. Mai kaya yana nan, mai saye yana nan, amma sai su wuni ba su haɗu ba. Dillali ya haɗa su, a yi ciniki, shi kuma ya koma ya jira na gaba, ba ya bin kayan gida.

Ummi, 'yata, ga abin da za ki fara faɗa wa Baba. Ƙwaya ɗaya ta CO2 sai ta samu ƙwaya uku na haidirojin kafin a samu ƙwaya ɗaya ta metanol da ɗaya ta ruwa. Hayaƙin nan da yake gani toka ce, an riga an ƙone mai an cinye ƙarfinsa. Ƙarfin da zai dawo cikin metanol daga haidirojin zai fito, ba daga katalis ba. Dillali komai iya bakinsa ba ya saka wa mai saye kuɗi a aljihu.

Kuma katalis ɗin ba sabon abu ba ne. Kamfanin BASF na Jamus ya fara haɗa metanol a masana'anta tun 1923, da tutiya da kuromiyom, cikin matsi mai tsanani ƙwarai. A 1966 kamfanin ICI na Ingila ya fito da haɗin jan ƙarfe da tutiya da alminiyom, wanda yake aiki a zafin digiri 200 zuwa 300, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 50 zuwa 100. Har gobe shi ne a yawancin masana'antun duniya.

Hajiya_Fagge:
Malam, ashe kamar kanwa ke nan da muke jefawa a wake ya yi saurin nuna?

Malam_Kemistiri:
Hajiya kin kusa, amma kanwa tana narkewa ta bi waken a cinye ta tare. Katalis na gaskiya yana nan yadda aka zuba shi, shekara da shekaru ana aiki da shi kafin ya gaji.

Injiniya_Challawa:
Bari na kawo lissafi, don shi ne zai raba gardama. Na yi shekaru ina kula da tukunyar tururi da injinan matsa iska a wata masana'anta, kuma abin da aikin ya koya min shi ne a fara duba wuta kafin komai.

Tan ɗaya na metanol yana buƙatar kusan tan 1.4 na CO2 da kusan kilo 190 na haidirojin. In daga ruwa za a ciro haidirojin ɗin da lantarki, kowane kilo yana cin yunit 50 zuwa 55, irin yunit ɗin mitar gidanku. Ke nan tan ɗaya ya lashe yunit wajen 10,000. Tan ɗaya kuma lita 1,260 ne ko kusa da haka, wato yunit 8 a kowace lita. Sannan ƙarfin lita ɗaya ta metanol kusan rabin na fetur ne, sai ka zuba lita biyu ka yi tafiyar lita ɗaya. Yunit 16 ke nan. Tun 2024 wutar layin Band A ta haura naira 200 a yunit. Ku buga da kanku: sama da naira 3,000 kuɗin wuta kaɗai, ba a yi maganar kama CO2 ba, ba a sayi injin ba, ba a biya ma'aikaci ba. Ko da katalis ɗin kyauta aka ba mu, wannan kuɗin yana nan daram.

Sai batun hayaƙin janareto. Mafi yawansa nitirojin ne, CO2 ɗin kaɗan ne a ciki, ga baƙin kunkunniya, ga farar wuta daga man dizal ɗin da aka ƙona. Sai an tace an wanke kafin ya kusanci katalis.

Sadiq_Solar:
Injiniya ranka ya daɗe, ban ƙi lissafinka ba, amma ka ɗora shi a kan wutar layi. Wa ya ce da ita za a yi? Rana muke da ita a Kano har ta yi mana yawa. Ga tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a farkon 2023. Kuma farashin faranti sai sauka yake.

Injiniya_Challawa:
Sadiq ƙanena, mu ɗauki ita tashar da ka ambata. Megawat 10 na sola, in ka cire dare da hadari da ƙurar hunturu, abin da za ta bayar a shekara bai fi yunit miliyan 16 ko 17 ba a ƙiyasina. Raba da 10,000. Tan 1,600 da ɗoriya ke nan a shekara, in an sadaukar da tashar gaba ɗaya ga wannan aiki. A lita, wajen miliyan 2, daidai da fetur lita miliyan 1. Tankar mai nawa ce wannan? Wajen 30 ne ko ƙasa da haka a shekara guda. Ni da za a tambaye ni, gara a ba masaƙu da injinan niƙa wutar kai tsaye, ko a caja adaidaita mai batir da ita.

Sannan akwai wata matsala. Tukunyar metanol ba ta son a kunna a kashe. Rana kuwa tana faɗuwa kullum. Dole ka tanadi haidirojin na dare, wannan ma kuɗi ne.

Sadiq_Solar:
Na karɓi maganar batir ga adaidaita. Amma jirgin ruwan da ke ɗauko kwantena daga Sin fa? Shi ba ya tafiya da batir. Kamfanin Maersk ya ƙaddamar da jirgin kwantena mai amfani da metanol tun 2023. Ba don adaidaita ake wannan bincike ba.

Dr_Zainab_Jamus:
Na daɗe ina karanta ku, bari na sa baki tunda a kusa da wannan fanni nake aiki. Injiniya yana da gaskiya, haidirojin ne ke cinye mafi yawan kuɗin. Amma ina tsoron kada Ummi ta tashi da tunanin cewa aikinta ba shi da amfani. Tsadar haidirojin ɗin ce ma ta sa katalis ya ƙara muhimmanci, don duk ƙwayar da ta ɓata hanya asara ce babba.

Ga inda wahalar take. Akwai haɗuwa ta biyu da ke gasa da wadda muke so: CO2 ya ci haidirojin ya koma CO, iskar nan da ke kashe mutane in sun kwana da janareto a ɗaki. Haɗuwar metanol zafi take fitarwa, don haka ta fi son sanyi. Ita ta CO zafi take sha, ta fi son a ƙara wuta. In ka rage zafi, aikin ya yi nawa. In ka ƙara, CO ya yi yawa. Gaba kura baya sayaki. Shi ya sa a zagaye ɗaya abin da ke juyawa bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran sai an sake matsa shi a mayar tukunya, a yi ta zagayawa.

Na biyu, ruwa. In da haɗin CO da haidirojin ake aiki, kamar yadda aka saba, ruwan da ke fitowa kaɗan ne. In CO2 zalla ne, kowane tan na metanol yana zuwa da ruwa fiye da rabin tan. Jan ƙarfen cikin katalis 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a fatarsu ake aikin. Tururin ruwa yana sa su dunƙule, kamar yadda sukari ke yi da damina in an bar shi a buɗe. Da sun dunƙule, fatar ta ragu, ƙarfin katalis ya faɗi. Farar wuta kuwa guba ce gare shi, ɗan kaɗan ya isa ya toshe shi.

Saboda haka ake neman wasu. A 2016 ƙungiyar Javier Pérez-Ramírez a jami'ar ETH ta birnin Zurik ta nuna cewa indiyom oksaid da aka ɗora a kan zarkoniya yana ba da metanol kusan zalla, kuma ya yi awa 1,000 bai gaji ba. Shi wasu 'yan guraben da oksijin ya bari a fatarsa ne ke kama CO2. A 2017 kuma ƙungiyar Can Li a birnin Dalian na Sin ta fito da haɗin tutiya da zarkoniya wanda yake jure farar wuta fiye da jan ƙarfe. Matsalarsu, sun fi son zafi, wajen digiri 300 ko sama, kuma indiyom yana da tsada. Ba a haƙarsa shi kaɗai, wajen tace tutiya ake samunsa, ga masu yin gilashin waya da talabijin suna rububinsa.

Wani abin da nake so Ummi ta sa a babin farko: a 1987 masu bincike na ICI sun yi wa ƙwayoyin kabon alama suka bi sawunsu, suka ga ko a tsohuwar hanyar ma, daga CO2 ɗin da ke cikin haɗin ne yawancin metanol ke fitowa. Wato tsohon katalis ɗin dama can CO2 yake juyawa.

Ummi_Gwale:
Anti Zainab, Allah ya saka da alheri. Wannan na 1987 ban taɓa cin karo da shi ba.

Ɗan_Jos:
Tunda an ambaci zarkoniya: yashin da ake ciro ta, zarkon, yana nan a tarkacen haƙar kuza a Filato, tare da kwalambait. Muna yara a kan tulin ƙasar nan muke wasa. Ɗanyensa ake lodawa a fitar.

Direba_Yankaba:
Ku yi haƙuri ni dai in na ji an ce metanol gabana faɗuwa yake. Kun manta Fabrairun 2022? Fetur ɗin da aka shigo da shi mai metanol fiye da ƙima, aka janye shi, layi ya dawo gidajen mai. Ni na sha a wani gidan mai a hanya, motata ta yi ta shaƙewa, sai da aka sauke tanki aka canja famfon mai. Kwana huɗu ban fita aiki ba. Wannan abin za a ce mu zuba da gangan?

Bakanike_Kabuga:
Direba, abin da ya same ka gaskiya ne, mun ga irinsa da yawa a gareji lokacin. Metanol yana cin roba da wasu ƙarafa irin alminiyom, kuma yana jan ruwa. Amma injin da aka ƙera dominsa daban ne. A Sin akwai tasi na kamfanin Geely da ke tafiya da metanol zalla a birane irin su Guiyang. Kamar CNG ne, ba ka cusa wa mota sai an yi mata juyi.

Nas_Rabi:
Ni ba injin ne damuwata ba, mutane ne. Metanol fari ne tas kamar ruwa. Jiki yana juya shi ya koma wani asid da ke lalata jijiyar gani. Cokali ɗaya na cin abinci zai iya makantar da babba, 'yan cokula kuma su kashe. A 2015 an rasa rayuka da dama a jihohin Ondo da Ribas saboda barasar ogogoro mai metanol. Ku dubi yadda 'yan bumburutu ke sayar da fetur a gorar ruwa a bakin titi, ku dubi yaran da ake kawo mana sun sha kananzir a gida. Fetur da kananzir aƙalla suna da wari mai korar yaro. Kuma harshen wutar metanol da rana da ƙyar ake ganinsa, mutum zai iya taka wuta bai sani ba. In har zai shigo kasuwa, a sa masa launi da ɗaci tun daga masana'anta.

Hajiya_Fagge:
Nas, to ɗan gwangwanin nan da muke kunnawa ƙarƙashin farantan abinci a wajen biki, shi ne? Ma'aikatana kullum suna taɓa shi.

Nas_Rabi:
Hajiya, wasu metanol ne, wasu etanol. Ki duba rubutun jikin gwangwanin. Ko wanne ne, su wanke hannu kafin su taɓa abinci, kada a ƙara masa mai yana ci, kuma a ɓoye wa yara.

Abban_Hanifa:
An bar tambayar yarinya an koma biki. Ni abin da nake so na sani: akwai inda ake yin abin nan da gaske, ko duk a takarda ne?

Dr_Zainab_Jamus:
Ana yi. A ƙasar Aisland kamfanin Carbon Recycling International ya buɗe masana'anta a Svartsengi wajen 2012, aka sa mata sunan George Olah, masanin da ya ci kyautar Nobel a 1994 kuma ya daɗe yana kira a koma ga metanol. Daga baya ƙarfinta ya kai tan 4,000 a shekara. Amma ku lura da wurin: tashar lantarki ce mai aiki da zafin ƙarƙashin ƙasa, ita ke ba da CO2, wuta kuma tana da araha. A 2022 an buɗe wata a Anyang ta ƙasar Sin mai tan 110,000 a shekara, ita kuma haidirojin ɗinta daga iskar da ke fita wajen gasa kwal ake samu, ba daga ruwa ba. Duk inda abin ya tsaya da ƙafarsa, za ka tarar akwai haidirojin ko wuta mai sauƙi a gefe. Duniya kuwa tana yin metanol wajen tan miliyan 100 a shekara, kusan duka daga iskar gas da kwal.

Malam_Kemistiri:
Wannan ya kawo mu gida. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. In gas ya wadata a Kano, hanyar metanol mafi kusa da mu ta gas ce, kuma da wannan katalis na jan ƙarfe ake yinta. Masu yin fenti da gam ɗin katako da robobi duk suna buƙatar abin da ake samu daga metanol. Wanda ya iya katalis ɗin yau, ba zai rasa wurin aiki ba.

Aminu_Muhalli:
Malam, da girmamawa, nan ne ban bi ka ba. In daga gas za a yi, ina amfanin ga yanayi? Ai dalilin binciken shi ne rage hayaƙi. Mu ne hamada ke ci, mu ne zafin watan Afrilu ke gasawa. Kuma ko wanda aka yi daga CO2 ɗin ma, in an ƙona shi CO2 ɗin sama zai koma. In daga masana'antar siminti aka kamo, kamar Obajana ko Ashaka ko Kalambaina, sau ɗaya kawai aka ƙara moriyarsa kafin ya tsere.

Injiniya_Challawa:
Aminu, haka ne, sai dai moriya biyu ta fi ɗaya, tunda fetur ɗin da ya maye gurbinsa bai fito daga ƙasa ba. Kuma siminti ko da wace wuta ka gasa shi sai ya fitar da CO2, don daga jikin farar ƙasar yake fita. Amma in ana son mai tsabta da sauƙin kamawa, a duba inda ake yin etanol daga rake ko rogo. Iskar da ke tashi wajen tsimawa kusan CO2 ce zalla, kuma tsiro ne ya zuƙo ta daga sama tun farko.

Aminu_Muhalli:
Wannan na rake na yarda da shi. Na siminti har yanzu ina da ja.

Tsohon_Ɗalibi_09:
Ummi, shawara daga wanda ya taɓa ƙonewa. Ni ma katalis na yi a aikina. Ranar da na sa samfurina a tanda, awa biyu da farawa wuta ta ɗauke, ba ta dawo ba sai dare. Aikin sati uku ya lalace, na zauna a bakin ɗakin gwaji kamar na yi kuka. Ki raba samfurinki kashi uku, kada ki gasa duka rana ɗaya, kuma ki tabbatar da man janareto kafin ki kunna. Sannan kada ki yi alkawarin gwada shi a matsin gaske in ba ku da tukunyar. Matsin nan ya ninka na tayar mota fiye da sau 20, ga haidirojin mai kamawa da wuta. Ba abin da za a haɗa wajen mai walda ba ne.

Ummi_Gwale:
Na gode Yaya. Malamina ma ya ce haɗawa da auna siffarsa kawai zan yi. Na gwada sau ɗaya: na narka gishirin naitiret na jan ƙarfe da tutiya da alminiyom, na ɗiga sodiyom kabonet. Ya fito shuɗi, na tace nan take. Amma a hotunan da nake gani kore ne. Me na yi ba daidai ba?

Dr_Zainab_Jamus:
Kin yi gaggawar tacewa, ƙanwata. Ki riƙe pH, wato ma'aunin tsamin ruwan, wajen 6.5, zafi wajen digiri 65, ki bar shi cikin ruwansa kina juyawa. Za ki ga ya tashi daga shuɗi ya koma kore-kore, a lokacin ne tutiya ke shiga cikin ƙwayar jan ƙarfen, kuma wannan cakuɗuwar ce ke sa ƙwayoyin su fito ƙanana daga baya. Ki ɗiga ruwan biyu tare a hankali maimakon ki juye ɗaya cikin ɗaya. Jan ƙarfe kashi 70, tutiya 30 shi ne abin da aka saba, da alminiyom kaɗan. Ki wanke sosai da tataccen ruwa har sodiyom ya fita, don ragowarsa yana kashe katalis. Gashi kuma kada ya wuce digiri 350. In wata rana kin kai ga ratsa shi da haidirojin, kada ki buɗe shi ga iska kai tsaye, yana iya ɗaukar zafi da kansa.

Malam_Kemistiri:
Ki rubuta lokacin da launin ya juya a kowane gwaji. Ki yi ɗaya da zarkoniya a madadin alminiyom ki kwatanta, tunda zarkoniya ba ta riƙe ruwa kamarsa.

Ɗan_Ƙofar_Ruwa:
Tambaya ta ƙarshe daga ni. In katalis ɗin ya gaji a masana'anta, ina ake kai shi? Tunda jan ƙarfe ne fiye da rabi, ai ba zubarwa za a yi ba.

Injiniya_Challawa:
Ba a zubarwa, masu narka ƙarfe ke saye su ciro jan ƙarfen da tutiyar. Amma sai an bar iska ta ratsa shi sannu a hankali tukuna, saboda dalilin da Dakta ta faɗa yanzu.

Ummi_Gwale:
Na karanta wa Baba lissafin Injiniya bayan sallar isha'i. Ya yi shiru, sannan ya ce in tambaya masa Sadiq_Solar nawa adaidaita mai batir take yanzu, kuma awa nawa take yi kafin a sake caji. Ni kuma ranar Litinin zan sake haɗawa, zan turo hoton launin in sha Allah.